Goshin Maman Philip

Ni mai kitso ce, kuma macen da ta tsufa tana ɗora kawunan mata a cinyarta ta san goshi fiye da masu shi. Mace takan zo wurina da dariya har kunne, amma tana zaunawa na kama gashin gaba, goshinta ya gaya mini jiya ba ta runtsa ba. Ba na tambaya. Sai dai in sassauta hannu, in ɗauko mata hirar tsadar manja.

A duk unguwarmu ta Rikoto babu goshin da na sani kamar na Theresa. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, ita ma gajeriya ce, muna miƙa wa juna gishiri ta samanta. Tsakanin girar Theresa akwai layi biyu a tsaye, masu zurfi, kamar an tsaga da aska. Ba da su aka haife ta ba. Na san ta tun goshin yana sumul, lokacin da kowa ke kiranta Maman Philip.

Mijinta Saje Japhet tsohon soja ne, kamar rabin dattawan Zuru. A wajen igwa ya yi aiki, kuma yaƙin Laberiya ne ya cinye masa kunnuwa. Ya dawo da hannuwa da ƙafafu lafiya lau, amma ko tsawa aka yi sai dai ya ji ta a ƙirji. Magana kam yana yi, da ƙarfin da shi yake zaton daidai ne, saboda haka duk abin da ya faɗa a tsakar gidansa sai ya tsallako katanga ya same ni ina wanke-wanke. Yana ɗan karanta baki in zancen abinci ne ko ruwa ko coci. Babbar magana kuwa a goshin matarsa yake karanta ta. In ta ɗaga gira sama har goshin ya yi layi-layi a kwance, e ke nan. In ta haɗe girar, a'a ke nan, kuma ba ya ja. Da haka suke sayar da dawa a kasuwa, da haka ma ya amince da mutumin da ya auri 'yarsu Leah, ba tare da ya ji ko kalma ɗaya daga bakin masu neman auren ba.

Ɗaga girar nan tana da asali. A al'adar mutanensu saurayi yakan yi wa uban yarinya noma shekara bakwai kafin a ba shi ita, golmo suke ce wa abin. Japhet ya yi nasa tun kafin ya shiga soja. Ya sha ba mu labari, mu da duk mai wucewa a hanya, cewa a daminar ƙarshe ya miƙe daga kan kunyar dawa ya hango ta tana kawo wa manoma ruwa. Ya dube ta, ita kuma ta ɗaga masa gira.

"Ba ta ce uffan ba," in ji shi, "amma ran nan ni kaɗai na nome rabin gonar."

Philip shi ne ɗansu namiji tilo. Yaron ba ya son soja, gyaran babur yake so, kullum hannunsa baƙi ƙirin da mai. Uban ya ce a gidansu ba a taɓa yin namijin da bai sa kaki ba, ya kai shi tasha da kansa ya sa shi a motar Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji. Bai daɗe da gama horo ba aka tura su Saliyo, daga can kuma ko gawarsa ba ta dawo ba. Ranar da aka kawo labarin na ga Theresa ta haɗe gira, kuma girar ba ta sake rabuwa ba. Ba ta zagi mijinta ba, ba ta fasa dafa masa tuwo ba. Dubansa kawai take yi.

Fastonsu ya zaunar da su don ya sasanta. Theresa ta ce ta yafe, a gaban fasto da dattawan coci. Japhet ya dubi bakinta, ya dubi goshinta, ya yi wa fasto godiya. Da suka dawo gida ya ɗauki 'yar kujerarsa ta katako ya kai ta gindin mangwaron ƙofar gida, tun daga ranar a can yake cin abincinsa. Damina na faɗuwa ya saɓa fartanya ya nufi gonar da Theresa ta gada daga ubanta, wadda a da 'yan ƙwadago ke nome mata. Na tare shi a hanya, na nuna fartanyar, na buɗe hannuwa alamar tambaya.

"Golmo nake yi, Malama Indo," ya ce, har awakina suka firgita. "Na farko ubanta ya yanka shekarun. Wannan ita za ta yanka."

Na ɗauka zancen damina ɗaya ne. Sai ga shi yana neman shekara ta tara. A tsakanin nan mutane suka daina ce mata Maman Philip don kada su tayar mata da ciwo, ta koma Maman Leah, shi kuwa bai ƙara furta sunan yaron ba.

A rani na shekarar 2008 Leah ta haihu a Legas, inda take aikin nas a wurin wani likitan fata. Theresa ta tafi yi mata wankan jego, ta daɗe, sai gab da faɗuwar damina ta dawo. Ina ƙofar gidana da la'asar ina tsefe wa wata kai, ɗan acaɓa ya sauke ta da jakarta. Na buɗe baki zan yi mata sannu da zuwa, sai idona ya faɗa kan goshinta.

Goshin babu komai. Layin nan biyu da na yi shekara da shekaru ina kallo daga sama sun ɓace, fatar ta kwanta luf tana sheƙi a hasken yamma. Ba ƙiba ta yi ba, ba hoda ba ce, ga furfurarta nan a gefen ɗankwali, ga wuyanta na mace mai jikoki. Amma daga gira zuwa gashi, Theresar da na sani ce a shekarun da Philip ke rarrafe. Na ga abubuwa a rayuwata, na ga makaho ya buɗe ido bayan an yi masa aikin yana, amma ban taɓa ganin an share wa mutum baƙin ciki daga fuska ba. Sai na yi salati.

Japhet yana gindin mangwaro yana ɗaure ƙotar fartanya. Ya ɗago kai, ya miƙe a hankali, fartanyar ta faɗi bai kula ba. Ya tako har gabanta, ya tsaya ƙyam kamar a fareti, yana kallon goshin. Sai ya yi tambayar da duk layin ya ji.

"Theresa. Shi ke nan? Na gama?"

Na ga idanunta sun ƙanƙance, na ga bakinta ya matse. Na san wannan shirin, haɗe gira za ta yi. Girar ba ta motsa ba. Ya jira a'ar da ya saba gani, ya ƙara jira, ba ta zo ba. Tsohon nan da ya tsaya bayan igwa a ƙasashen mutane sai ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Can ya tashi. Ya ɗauki kujerarsa daga gindin mangwaro ya shige da ita cikin gida, ya dawo ya ɗauki jakarta.

Kashegari da hantsi ta zo kitso. Na kori sauran matan da cewa hannuna yana ciwo, na ɗora kanta a cinyata. Kafin in taɓa gashi na sa yatsa na shafa wurin. Fata ce, da ɗuminta, ba a manna komai ba.

"Maman Leah, mi anka yi miki a Legas? Ki gaya mini tsakani da Allah."

"Allura ce, Indo."

Ta ba ni labari tana kallon ƙasa. Duk lokacin da ta sunkuya kan jaririn sai ya tsala ihu. Leah ta ce fuskarta ce ke tsorata shi, daga nan ita ma Leah ta fashe da kuka, ta ce tun tana budurwa ba ta ƙara ganin fuskar uwarta a sake ba. Ta roƙe ta har ta gaji, ta kai ta wurin likitan da take wa aiki. Wata 'yar allura ce siririya, ya ɗan caccaka mata tsakanin gira da saman goshi, zafin bai kai cizon cinnaka ba. Sunan maganin wai Botoks, manyan matan Legas ke yi don kada a ga tsufansu. Kwanakin farko ba ta ga komai ba, har ta ce an yi wa Leah wayo. Wata safiya ta dubi madubi ta ga wata mace daban.

"Likitan ya ce naman da ke jan fatar ne ya yi barci," ta ce. "Wata uku ko huɗu zai farka, komi ya koma yadda yake."

"To jiya fa? Kin yafe ma Saje ko ba ki yafe ba?"

"Ban yafe ba. Na so in haɗe mishi gira, abin ya ƙi."

Hannuna ya tsaya a kan gashinta. Na ce ta gaya masa gaskiya tun abin bai yi nisa ba.

"Da wane baki? Ya daina yarda da bakina tun gaban fasto. Kuma ke ma kin ga yadda ya zauna a ƙasa." Ta gyara zama. "Jiya kusa da ni ya ci tuwo. Har ya ce miya ta yi daɗi. Na manta yana faɗin haka."

Na ci gaba da kitso, amma raina ba ya wurin. Lissafi nake yi, wata huɗu daga yau dawa ba ta ma nuna ba, layin nan za su dawo, kuma mutumin da ba ya jin bayani zai gan su.

Garin kuwa ya ɗauka. Matan cocinsu suka ce addu'ar shekaru ce aka amsa, har aka yi waƙar godiya. Matan da ke zuwa kitso wurina suka dame ni da tambayar wane mai take shafawa, wata ta rantse ruwan teku ne, wata ta ce ai an san iskar Legas tana gyara fata, shi ya sa 'yan can ba sa son dawowa gida. Agnes mai kanti, wadda ba ta yarda da abin da ba ta taɓa ba, ta zagayo daga bayan teburinta ta ce Theresa ta ɗaure fuska ta gani. Theresa ta yi iyakar ƙoƙarinta, goshin ko gezau. Agnes ta yi alamar gicciye ta ƙara mata sabulu ɗaya kyauta. Ni da na san sirrin ma ban daina mamaki ba. Duk sanda ta zo kitso sai na shafa wurin, ina tunanin irin ilimin da Allah ya ba ɗan Adam, har ya san wane zare ne a ƙarƙashin fata ke ɗaure fushi, ya kwance shi da tsinin allura.

Abin da ya fi goshin ba ni mamaki shi ne abin da ya riƙa tsallako katanga. Wata safiya ina hura wuta na ji muryar Japhet.

"Maman Philip, ina kinka aje wuƙata?"

Na saki mafici. Shekaru ke nan ba a furta sunan nan a gidan ba. Daga ranar kuma sunan bai huta ba. Kullum bayan ya dawo gona, don bai fasa zuwa ba, ya ce tunda an riga an shuka sai a ƙarasa, zai zauna kusa da murhu ya ɗauko labarin yaron. Yadda Philip ya kwance keken fasto gaba ɗaya yana ɗan firamare, ya mayar, aka sami ƙusa uku sun yi saura kuma keken ya fi da gudu. Yadda yake satar ƙuli-ƙulina ta saman katanga, abin da ni ma sai ran nan na sani. A da kalma ɗaya zai fara, ta haɗe gira, ya haɗiye sauran. Yanzu ya duba goshin bai ga an tsayar da shi ba, sai ya yi ta tafiya.

Wata la'asar, ana yayyafi, na ji muryar ta canza.

"Ran da na kai shi tasha, ya shiga mota ya zauna bakin taga. Ya dube ni ya ce, Baba, dole ne? Na gane abin da bakinshi ya ce, Theresa. Sarai na gane. Sai na nuna kunnena, na yi kamar ban gane ba. Na ɗaga mishi hannu."

Na ji ƙarar tukunya ta faɗi. Na leƙa ta saman katanga, ban ji kunyar leƙen ba. Theresa tana tsaye, hawaye na zuba, hannuwanta a dunƙule, goshin kuwa lafiya lau kamar na mai barci. Ya dube shi, bai ga komai ba, ya ci gaba. Ya faɗi yadda yake ganin tagar motar nan duk sanda ya sunkuya kan fartanya. Ya ce da kunnuwansa suka mutu ya yi zaton ya huta da jin abubuwa, ashe tambayar yaron ba ta kunne take shigowa ba. Ya yi ta faɗi har yayyafin ya ɗauke. Ita ce rana ta farko da Theresa ta ji maganar tashar daga bakin mijinta har ƙarshe. Daga baya na ga ta ɗauki tukunyar, ta zuba masa ruwan wanka.

Da ta zo kitso bayan wannan, ita ta fara magana.

"Indo, ran nan na so in kashe shi da ido. Na nemi fushin, yana nan cikin ƙirjina, amma na rasa inda zan rataye shi. Na tsaya ina jin shi dole. Ashe duk shekarun nan ni ina kukan ɗa, shi yana kukan ɗa da tasha."

"Yanzu fa?"

"Yanzu in na neme shi sai in tarar ya ragu. Jiya ma na manta ban neme shi ba."

Na yi murna har cikin raina. Amma kanta yana cinyata, hasken hantsi yana dukan goshin, kuma idona ya riga ya ga abin da ita ba ta gani ba. Tsakanin girar akwai wata 'yar inuwa siririya, guda biyu, a tsaye. Na daɗe ina juya maganar kafin na miƙa mata madubi.

Ta kira Leah a waya a nan gabana. Leah ta ce ai dama an gaya mata, ta shigo mota ta zo a sake, abin minti kaɗan ne. Theresa ta ce za ta yi tunani. Da ta kashe wayar ta ce da ni ba za ta riƙa zuwa Legas duk bayan wata huɗu tana sayo wa mijinta fuska ba, kuma ba ta san abin da za ta yi ba. Abin da ta yi dai shi ne ta sauke ɗankwalinta har kan gira. Haka ta riƙa yawo da shi, cikin gida da waje, kamar mai ciwon kai. Na ce mata ɗankwali ba ya zama inda aka aje shi, ta ce ta sani.

Dawa ta fara fitar da kai lokacin da abin ya faru. Da safe ne, tana zaune a rana tana tsintar duwatsu a shinkafa, ta matso da faifan kusa da ido don ganinta ya fara rauni. Ɗankwalin ya zame baya. Hasken rana da ƙananan duwatsu ne suka sa ta haɗe gira, babu wani fushi a ciki, amma layin biyu suka fito raɗau kamar ba su taɓa tafiya ba. Japhet yana gefenta yana ba da labari. Ina jin muryarsa ta katse a tsakiyar kalma.

Shirun da ya biyo baya ya fi duk ihunsa ƙarfi a kunnena. Na fito ƙofar gida na gan shi ya fito da kujerar, ya ajiye ta a gindin mangwaro daidai inda ƙafafunta suka yi rami a ƙasa tun da. Bai yi fushi ba, fuskar mutumin da aka ce masa aikinsa bai yi ba ce, ya sake. Ya saɓa fartanya ya kama hanyar gona.

Theresa ta faɗo gidana ba sallama.

"Na riƙe hannunshi, na ce mishi rana ce, shinkafa ce. Ko bakina bai duba ba. Ba ni madubi in ga yadda sunka dawo."

Na ba ta. Ta duba, tsoro ya kama ta, kuma tsoron ne ya ɗaga mata gira ba da saninta ba. Goshin ya tattare, layuka suka kwanta a kai daga gefe zuwa gefe. Ta tsaya cak. Ta sauke girar, ta sake ɗagawa. Ta sake.

"Indo, kin gani? Yana tashi."

Sai a lokacin na tuna. Duk watannin nan da goshin ya kasa cewa a'a, e ma bai iya cewa ba. Allurar ba ta zaɓa ba, duka ta kwantar. Mu duka mun shagala da kallon abin da ya ɓace, babu wanda ya lura da abin da bai zo ba.

Ta ajiye madubin. Ta koma gida, ta cika tulu ƙarami da ruwa, ta ɗora a ka. Na yafa mayafi na bi ta, ba don an gayyace ni ba, amma wanda ya ga farkon abu yana da hakkin ganin ƙarshensa. Tafiya ce mai ɗan nisa, ga laka, ga ta da ciwon gwiwa, amma sai da na riƙa sauri kafin in cim mata.

Mun same shi a can ƙarshen gona, a sunkuye tsakanin dawa, yana tayar da kunya. Bai ji zuwanmu ba, sai da inuwarta ta faɗa kan fartanyarsa. Ya miƙe yana dafa ƙugu. Ta sauke tulun, ta sa hannu ta cire ɗankwalin gaba ɗaya, ta tsaya gabansa da furfurarta da layinta biyu a fili. Ya dube su, ya sunkuyar da kai. Ta kama haɓarsa ta ɗago.

Sannan ta ɗaga masa gira.

Na yi kitso shekaru masu yawa, na ga goshin amare da na 'yan mata, na ga goshin nan nata lokacin da yake sheƙi har mata suna zuwa kallo. Babu wanda ya kai wannan kyau. Ya tattare gaba ɗaya, layi kan layi, tsohon goshi na mace da ta binne ɗa ba tare da ta ga kabarinsa ba, kuma kowane layi yana cewa e. Ta riƙe shi haka har idanunta suka cika.

Japhet ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun dawowarsa daga Laberiya.

"Tun da kinka dawo daga Legas ba ki yi mini wannan ba. Na lura, amma na ji tsoron tambaya." Ya kai babban yatsansa, da ƙasar gona a jiki, ya taɓa layin biyu na tsaye. "Waɗannan fa?"

Ta nuna rana, ta nuna idonta, ta ɗaga kafaɗa. Sannan ta sake ɗaga girar.

"Ashe sai yau," ya ce.

Ta miƙa masa tulun, ya sha har ruwan yana bin gemunsa, ya miƙo mini ni ma na sha, don bakina ya bushe. Ya karkaɗe fartanyar, ya saɓa ta a kafaɗa, ya ɗauki tulun da ɗaya hannun, ya ce Maman Philip ta wuce gaba. Na waiwaya na dubi inda yake aiki. Kunyar da ya fara tana nan a rabi, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba, kuma ita kaɗai ce na taɓa ganin Saje Japhet ya bari bai ƙarasa ba.